Mura Ce, In Ji Katin

3 ga Maris

Zuwa ga Baffa Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da mutanen gida. Ya gwiwa, ya kunne? Ni ce 'yar taubashinka Dogo, takwarar Gwaggo mahaifiyarka. Rabon da ka gan ni tun ina aji uku, lokacin da ka zo ta'aziyyar Kaka ka ce haƙorana kamar na zomo. Yanzu ni ke koyar da aji uku. Na so in kira ka a waya, Mama ta ce ɓata lokaci ne, tun da ka bar soja ba ka jin waya, sai dai ka yi ta "na'am, na'am". Shi ya sa na ɗauki biro.

Mu dai muna nan. Baba ne jiki ya matsa. Tarin nan da ka san shi da shi ya yi tsanani. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Yau sati biyu yana asibiti, da robar iska a hanci. Likitan da ya duba hoton ƙirjinsa ya tambaye ni ko a ramin haƙar ma'adinai ya yi aiki. Na ce a'a, direban soja ne.

Ga dalilin wannan takarda. Ka san gobarar ma'ajiyar barikinku ta shekara talatin da suka wuce, wadda ta kwana tara tana ci, aka sa sojoji suka kwashe ƙonannun ganguna ba komai a fuskarsu sai hankici. Mu 'ya'yansu da matansu mun kafa ƙungiya, ni ce sakatariya. Shekara huɗu muna zarya a majalisa, har masu gadi sun san bencin da muke zama. Bana wata 'yar majalisa ta ɗauki maganarmu ta mai da ita ƙudirin doka: a yarda hayaƙin nan ne ya cinye musu huhu, a yi musu magani kyauta, a ba matan waɗanda suka rasu haƙƙinsu, a kuma sa sunayensu cikin waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Wannan na ƙarshen ya fi damun Baba. Ya ce ba ya so ya mutu ana cewa sigari ce.

A zaman farko na kwamiti, lauyan ma'aikatar tsaro ya zo da kwali cike da katunan asibitin bariki. Ya zaro uku ya karanta: mura, mura, mura. Ya ce duk haka suke. Bai bari ko taɓawa mun yi ba.

Baffa, kai ne malamin asibiti a wurin. Ka ga abin da suke tofarwa da idonka. Za a sake zama ranar ashirin ga Mayu. Don zumunci ka zo ka faɗa musu abin da ka gani.

Taka,
Takwarar Gwaggo

*

21 ga Maris

Uwata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, kunne kuwa na hagu ya yi ritaya gaba ɗaya, na dama yana aikin rabin rana. Na ji daɗi da zomon nan ya zama malama. Allah ya yi albarka.

Ki gaishe mini da Dogo. Ki ce masa bawana ne har gobe, kuma ban ba shi izinin kwanciya a gadon asibiti ba. Mutumin da ya taɓa tuƙa motar ruwa da birki ɗaya ba tari ne zai kayar da shi ba. A riƙa ɗaga masa kai da filo biyu, kada a bar shi ya kwanta rigingine.

Maganar majalisa kuwa, Uwata, ki yi mini uzuri. Shekara talatin ba kwana talatin ba ce. Abin da na ci jiya ma sai an tuna mini. Kuma kada sunan da kuke kirana ya ruɗe ki, ni ba likita ba ne. Dangi ne suka ba ni digiri. Aikina allura da wankin ciwo da cika kati. Wa zai saurari mai wankin ciwo a gaban manyan lauyoyi? Ga shi za su yi tambaya ban ji ba, in amsa wata daban, in ɓata miki aiki. Ku nemi manya, su suka san abin da ke cikin gangunan.

Ina yi muku addu'a.

Baffanki

*

2 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi a barandar majalisa, muna jiran 'yar majalisarmu ta fito.

Baba dai ya huta. Ranar Talata muka kai shi gida. Mutane sun cika, har tsofaffin abokan aikinsa sun zo, waɗanda suka iya tafiya. Mama ta gaji ƙwarai.

Na ga amsarka. Manyan da ka ce mu nema, biyu sun rasu, ɗaya ya aiko ɗansa ya ce mana ba ya gida, alhali muna jin tarinsa ta taga. Kai kaɗai ka rage. Ba zan matsa maka ba. Amma ranar ashirin ga Mayu tana nan ba ta gusa ba.

Takwarar Gwaggo

*

9 ga Afrilu

Uwata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Dogo, ya sa ya huta da gaske, ya ba ku haƙuri ke da mahaifiyarki. Ba zan tambayi lafiyarku ba, na san yadda take. Tawa ma ba zan faɗa ba.

Kwana uku ke nan da na karanta takardarki. Na sa takalmi zan taho sau biyu ina cirewa. Ba zan iya zama a tabarmar gaisuwar Dogo mutane suna ba ni hannu ba, sai kin san wanda za ki bari ya shigo gidanku.

Ƙarya na yi miki. Ban manta komai ba. Katunan da lauya ya zo da su a kwali, ni na cika su. Ɗari biyu da sha ɗaya. In da ya bari kin taɓa, da kin ga sa hannuna a ƙasan kowanne.

A kwana na huɗu na gobarar suka fara zuwa. Idanu jawur, murya ta dishe, abin da suke tofarwa a kwano rawaya ne da jini-jini. Na fara rubuta abin da na gani a kati bakwai. Sai Manjo, babban likitan bataliya, ya shigo ya karanta, ya yayyaga su a gabana ya zuba a kwandon shara. Ya ce, "Kofur, daga yau duk wanda ya zo da tari, mura ce. Ka ba shi ƙwaya biyu ya koma aiki. Ka ji ko ba ka ji ba?" A lokacin kunnena lafiya lau. Na ce na ji.

Bai sa mini bindiga a kai ba, Uwata. Ko tsawa bai yi ba. Tsoron a cire mini igiya kawai na ji. Na zauna a teburin nan mai ƙafa ɗaya gajera, da kwalin ashana a ƙarƙashinta, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna ce mini Likita, ina rubuta mura. Akwai wani yaro mai busa ƙaho a ƙungiyar badujala, ya ce, "Likita, na kasa riƙe numfashi, me ya same ni?" Na ce sanyi ne. Bai kai ƙarshen shekarar ba. Ni kuma a ƙarshen shekarar aka ƙara mini igiya, aka maƙala mini lambar yabo don ƙwazo lokacin gobara.

Katin Dogo ma da hannuna na cika shi. Ɗan kawuna, wanda muka tashi muna cin abinci a kwano ɗaya. Shi ya sa ba na zuwa gidanku. Ba nisa ba ne, ba gwiwa ba ce. Ranar ta'aziyyar Kaka na ji tarinsa daga bayan gida, ban iya kwana ba na gudu.

Kullum ina cewa sai na je na faɗa masa. Ga shi ya tafi. Ki yi duk abin da kika ga dama da wannan takarda.

Baffanki, in har yanzu kin yarda

*

17 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa, tunda an koya mini in yi. Muna lafiya.

Baba bai mutu ba. Sallamarsa aka yi daga asibiti, muka kai shi gida, 'yan dubiya suka cika. Hutawar da na ce, daga allura da hayaniyar ɗakin marasa lafiya nake nufi. Na nemo kwafen da na ajiye na karanta, na ga yadda ka fahimce ta. Laifina ne, a gaggauce na rubuta. Yana nan zaune a kujerarsa ta falo kusa da taga, da tulun iska a gefensa, yana faɗa da rediyo.

To amma ka ga abin da ya fito. Ashe sai mutum ya mutu kake iya faɗa masa gaskiya.

A ofishin malamai na buɗe takardarka. Na karanta, na shiga aji, na ba yara aikin da na ba su jiya. Ka san shekara nawa Mama ta yi tana ɓoye masa ashana tana zarginsa da shan sigari a ɓoye? Ka san sau nawa na tsaya a gaban tagar ofishin fansho aka ce mini, "Malama, fayil ɗin babanki bai nuna komai ba"? A gidanmu in yaro ya yi zazzaɓi cewa ake, da Baffa Likita na kusa. Har hotonka da kaki yana jikin bangonmu.

Kuma da na roƙe ka, sai ka aiko mini da wasan taubasantaka da shawarar filo biyu.

Ban nuna wa kowa ba tukuna. Tana cikin jakata, tsakanin littattafan yara. In na kai wa 'yar majalisa, ƙudirinmu ya samu ƙafa. In na kai, Baba zai ji a rediyo. Ban san abin da ƙirjinsa zai iya ɗauka ba.

Kada ka rubuto sai na neme ka.

*

4 ga Mayu

Baffa Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na ji shiru, na san ni na ce ka yi, amma ka aiko ko layi ɗaya in san kana nan. Baba da sauƙi, jiya har ya ci abinci da kansa.

Na karanta masa. Ranar Asabar da hantsi, Mama ta tafi kasuwa, na ja kujera na zauna a gabansa. Da na zo wurin ta'aziyya ya yi dariya har sai da na ƙara masa iska. Ya ce, "Wato bawan nan ya binne ni bai ko zo jana'iza ba?" Da na ci gaba dariyar ta ɗauke. Da na gama ya ce in sake karanta wurin katinsa. Na sake. Sai ya ce, "Ya rage. Bai faɗi duka ba."

Ya ce ranar da ya zo wurinka, ka rufe ƙofa ka ce masa, "Dogo, naka kam gaskiya zan rubuta, in za a kore ni a kore ni." Ya ce shi ya hana ka. A lokacin duk wanda aka rubuta wa ciwon huhu sallamarsa ake yi hannu rabbana, ni kuma kwanana goma sha biyu a duniya. Ya ce har durƙusawa ya yi ya riƙe maka gwiwa, ya ce, "Don Allah rubuta mura, ina da jaririya." Ya ce kana rubutawa kana kuka.

Baffa, me ya sa ba ka faɗa ba? Na zage ka a zuciyata kwana goma sha bakwai. Ashe murar da ke katin Baba ita na ci na girma, ita ta kai ni makaranta. Tun ranar ban iya kallon tulun iskar nan ba.

Baba ya ce ka zo majalisa. Na nuna wa 'yar majalisa takardarka, ta ce in ka tsaya ka faɗa da bakinka, kwalin lauya ya zama shara. Za a ba ka na'urar kunne, kuma zan zauna kusa da kai.

Roƙo ɗaya nake yi. Maganar durƙuson Baba, ka bar ta tsakaninmu. In lauyan nan ya ji, cewa zai yi sojoji da kansu suka ɓoye ciwonsu. Ba ƙarya na ce ka yi ba. Ka yi shiru kawai a wurin.

Taka,
Takwarar Gwaggo

*

11 ga Mayu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ina nan, lafiya ba laifi. Ranar da na karanta cewa Dogo na da rai, na zauna a ƙasa a tsakar gida, maƙwabciyata ta zaci faɗuwa na yi. Ki ce masa yana bi na bashin jana'iza ɗaya.

Kin tambayi dalilin da ban faɗa ba. Na zaci ya mutu, ba zan ɗora wa mamaci kaya a gaban 'yarsa ba. Kuma kada Dogo ya wanke ni da sabulun da bai isa ba. Shi ya roƙa. Sauran ɗari biyu da goma ba wanda ya roƙe ni. Ke kuma ki cire kanki daga wannan, jaririyar kwana sha biyu ba ta riƙe biro.

Zan zo. Na sa an wanke mini riga, na ciro lambar yabon daga akwati, zan ajiye musu a kan tebur.

Roƙonki kuwa, ga iyakar abin da zan iya. Ba zan tayar da maganar da kaina ba. Amma in aka rantsar da ni aka tambaye ni kai tsaye, zan amsa. Wancan karon ma ba a ce mini in yi ƙarya ba, cewa aka yi in taimaka kada hankalin bariki ya tashi. Na san wannan hanyar, na san inda take kaiwa. In kin ga haka zai ɓata miki, ki aiko in zauna a gida.

Baffanki

*

6 ga Yuni

Baffa,

Gaisuwa. Ina fatan ka isa gida lafiya. Ban raka ka tasha ba, ban kuma ba ka haƙuri ba. Jikin Baba yana nan yadda yake.

Ban aiko ka zauna a gida ba don na ɗauka lauyan ba zai yi tambayar ba. Da ka ajiye lambar nan a tebur ka ce, "Ni na rubuta, kuma ƙarya ce," na ji matan da ke bayana suna kuka, na ce mun gama. Sai ya gyara gilashinsa ya ce, "Saje, a cikinsu akwai wanda ya nemi ka ɓoye ciwonsa?" Na taka maka ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na san ka ji, ƙafarka ba kurma ba ce. Ka ce, "Mutum ɗaya." Ya ce wa. Ka faɗi sunan Baba.

Jiya kwamiti ya amince da ƙudirin, kuma 'yar majalisa ta ce zauren majalisar ma zai amince. An yarda hayaƙin ne. An ce kada a sake kafa hujja da katunan barikin. Za a yi magani, za a ba zawarawa haƙƙinsu, za a sa sunaye. Amma 'yan ɓangaren ma'aikatar tsaro sun ƙi sa hannu sai da aka ƙara sakin layi ɗaya: ban da wanda aka tabbatar ya ɓoye ciwonsa da saninsa. Mutum ɗaya ne a duniya aka tabbatar.

'Yar majalisa ta kira ni ofishinta kafin ƙuri'a. Ta ce, "Sakatariya, in na ƙi layin nan, ƙudirin zai koma baɗi, ko ba zai dawo ba. Ke za ki ce." Na tuna da waɗanda muka binne bana kaɗai, mutum shida. Na ce ta sa hannu. Ka ga ke nan ba kai kaɗai ka cire Baba ba. Kai ka faɗi sunansa, ni na rufe ƙofar.

Na dawo gida na kasa shiga, na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu. Da na faɗa masa, ya daɗe yana kallon taga. Sai ya ce, "Fasinja ɗari biyu da goma sun shiga mota, direba aka bari a tasha. Ba komai, motar dai ta tashi." Bayan an jima na ji yana tambayar Mama a hankali, "Wato sunana ba zai shiga ba?"

Mama ta sauke hotonka.

Takwarar Gwaggo

*

15 ga Yuni

Uwata,

Salamu alaikum. Na iso lafiya. Ki gaishe da Dogo da mahaifiyarki, ko ba za ta amsa ba.

Na ji ƙafarki. Har yanzu ina jinta. Da aka yi tambayar na ga hanya biyu, kowacce da Dogo kwance a kanta. Ban san ko daidai na yi ba, kuma ba zan ce miki na sani ba. Abin da kika faɗa wa 'yar majalisa kuwa, ni ban taɓa yin irinsa ba a rayuwata. Kada ki haɗa kanki da ni.

Shekaranjiya wata mata ta yi sallama a ƙofata. Ta ce ƙanwar mai busa ƙahon nan ce, ta gan ni a talabijin. Na miƙe na jira zagi. Sai ta ce ba abin da ya kawo ta sai tambaya ɗaya, ko ya ji tsoro. Na ce ya ji, kuma ni na ce masa sanyi ne. Ta zauna a dakali ta sha ruwa ta tafi. Ba ta ce ta yafe ba.

Ga abin da nake roƙo. Doka ba ta ba Dogo mai jinya ba. Ni kuma abin da na iya ke nan a duniya. Na iya juya mara lafiya, na iya buga baya a fitar da majina, na iya canja tulun iska. Ke kina da aji, kina da layin nan da za ki yi yaƙi a cire, mahaifiyarki ta gaji. In akwai inda zan shimfiɗa tabarma, zan rufe gidana in taho. In babu, na fahimta.

Baffanki

*

24 ga Yuni

Baffa Likita,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jikin Baba yau da ɗan dama.

Na karanta musu su biyu. Baba ya ce dama ya daɗe yana neman bawa, ka zo, amma ka sani ba albashi. Mama ta tashi ta fita. Da na bi ta, ta ce in faɗa maka ba za ta gaishe ka ba, kuma kada ka kuskura ka yi mata magana. Tana faɗa tana fitar da buhunan da ke ƙaramin ɗakin nan na kusa da na Baba. Yau da safe ta share shi ta sa labule.

Ni ma ban gama hucewa ba, da kai da kaina. Ka hau motar ƙarfe bakwai, ta tara ba ta tsayawa a unguwarmu. Zan jira ka a bakin titi.

Taka,
Takwarar Gwaggo